Rasuwar Ɗan Baiwa, Keken Surfanin Hajjo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta huce ba, Hajjo mai ɗinki ta Ƙofar Rini tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekenta na surfani mai kwamfuta, wanda unguwa ta sani da Ɗan Baiwa. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar aiki, allura na cikin shadda.

Marigayin ya zo gidan nan cikin kwali, shekarar da mijin Hajjo ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Tun daga ranar shi ne tuwon gidan, shi ne makarantar yara. Bai taɓa cewa ya gaji ba. In wuta ta zo, sai ka ji shi daga bakin zaure, tat-tat-tat-tat, yana zuba aiki a wuyan riga kamar an zana da alƙalami. In ya gama ya ce ɗin-ɗin, a hankali, yadda yaro mai ladabi ke sallama. Bai san cin zare ba, bai san rage wa mutum yadi ba.

Ciwonsa ya fara da ƙaramin abu. Yana cikin fure sai ya karkace, ya kai ganye inda ba ganye. Hajjo ta so ta kira mai gyaran da ta saba da shi, amma ɗiyarta Hafsat ta ce ga mijinta nan, aikinsa ke nan, har allo gare shi a ƙofar shago. Surukin ya zo da kwamfutarsa ya jona waya a bayan marigayin. Hajjo ta tsaya bayan labule, don ba ta haɗa ido da mijin ɗiyarta ta fari, ko sunansa ba ta kamawa.

Ga abin da ta ji yana gaya wa Hafsat, kuma ba ta manta ko kalma ba. Wai a cikin kan keken akwai ma'aikata huɗu da ido ba ya gani, suna aiki lokaci guda: mai jan yadi, mai ɗaga allura, mai ƙirgar ɗinki, da mai kula da gilashin gaba. Wai ɗayansu na taɓa wata lamba da ba tasa ba. Don haka zai ɗana wa kowannensu tarko a kan lambar, duk wanda ya taɓa ta sai ya daskare, ba zai motsa ba sai kwamfutar suruki ta sallame shi. Ya kama mai laifin kuwa, ya gyara, ya yi ta murmushi. Sannan ya shiga kwance tarkunan. Duk wanda ya kwance, marigayin ya ce ɗin. Hajjo mai ƙirgar ɗinki ce. Uku ta ji, ba huɗu ba. Wayar hannun suruki ta yi ƙara, ya fizge igiyarsa, ya rataya jaka ya fita.

Maganar tarkon da ya rage ta zo wa Hajjo har baki. Kunya ta mayar da ita. Ta aiki Hafsat ta bi shi da tambaya, ya aiko da cewa Inna ta kwantar da hankalinta, wannan ba fanninta ba ne.

Tarkon da ya bari na mai ɗaga allura ne. Ranar Talata marigayin yana kan babbar rigar angon gidan Alhaji Sodangi, wadda za a sa ranar Juma'a. Mai ɗaga allura ya taka tarko ya daskare, yana jiran izinin suruki, wanda ke can unguwar Gidan Dahala yana shan shayi. Sauran ukun ba wanda ya gaya musu. Mai jan yadi ya ci gaba da ja, allura na ƙasa. Shadda ta yage daga wuya har aljihu. Marigayin ya ce ƙiiii, ya ce ƙaras, hayaƙi ya tashi. Mai gyaran da aka ƙi kira tun farko ya zo ya duba, ya tabbatar da yadda abin ya faru, ya cire hularsa.

Ya rasu ya bar Hajjo da marayu, da buhun zare kala-kala, da dutsen guga da yanzu ba shi da abin gogewa, da rigunan abokan ango a jibge ko wuya ba a fara ba, da ango guda wanda mahaifiyarsa ta daina amsa gaisuwar Hajjo.

Za a ɗauki gawar a amalanke ranar Alhamis bayan sallar la'asar, a bi da ita ta cikin kasuwa sannu a hankali, a sauke ta a ƙofar shagon suruki, daidai ƙarƙashin allonsa. Can za a yi zaman makoki. Masu kaya a hannun Hajjo, da mutanen gidan Alhaji Sodangi, duk su wuce can kai tsaye, suruki ne zai karɓi gaisuwa. Hajjo ba za ta ce masa komai ba, don ita mai kunya ce. Mahaifiyarta, Inna Mairo, kakar Hafsat, wadda al'ada ta ba damar gaya wa mijin jikarta duk abin da ta ga dama a gaban kowa, ita za ta jagoranci zaman. Ta ce a kai mata tabarma da buta, ba ranar tashi.