Ranar da Na Kama Meme

Ba zan taɓa mantawa da makon da na zama 'yar sandan wayfai a gidanmu na Bagudo ba. Malam, maigidana, shi ya sayo ɗan akwatin da ke ba mu intanet, ya rataye shi a falo. Ana nan sai wata ƙawata ta sakandare ta turo gargaɗi a zaurenmu na waya: wai akwai masu shiga wayfan mutane, su sa wa waya cuta, su kwashe hotuna. Wayata kuwa cike take da hotunana ba hijabi, wasu ma da zanen ɗaurin ƙirji ina daka.

Na bi bayanin da ta turo, na buɗe wurin da ake ganin duk wayar da ta hau. Ga tawa, ga ta Malam, ga talabijin. Sai ga na huɗu: Meme.

Meme kuma? Na juya sunan a baki har ya fara min kama da kukan akuya. Ba Bahaushe ba ne, ba Bafulatani ba. Tunda muna kusa da iyaka, na ce lallai daga tsallaken Benin yake (ban tsaya na tambayi kaina yadda akwatin da ba ya kaiwa bakin ƙofar gida zai kai Segbana ba).

Abin ya zame min sha'awa. Ina girki ina leƙawa. Na gano Meme ba ya hawa sai da hantsi, ya sauka daidai kiran azahar, ya dawo bayan la'asar. Ranar Juma'a ya fi daɗewa. Har na ji tausayinsa ya kama ni, na ce ɓarawo ne mai kiyaye salla, Allah ya shirye shi. Duk da haka na danna masa toshewa. Ban gaya wa Malam ba, ina so in ba shi mamaki da iyawata.

Kwana huɗu ban ga Meme ba. Na dai lura Inna, mahaifiyar Malam da ke sashen da ke jikin falonmu, ta yi sanyi. Na ɗauka ƙafarta ce, na dafa mata kunu.

A rana ta biyar sai ga Hajara, ƙanwar Malam da ke aure a Segbana, ta faɗo gidan da goyo, duk ta jigata. Maƙwabta suka shigo yi mata sannu da zuwa, muka zauna a tabarma gaban Inna. Da hira ta yi daɗi, bakina ya kasa haƙuri.

"Ku yi hattara da wayfanku," na ce. "Ni na kama ɓarawo a namu. Ɗan ƙasarku ne ma, Hajara. Kullum yana laɓe yana shan mana data, ko kunyar Allah babu."

"Mi sunanai, matar Yaya?"

"Meme."

Hajara ta ajiye kofin ruwa. Ta dube ni, ta dubi Inna, sai ta kife da dariya har goyon ya farka.

"Matar Yaya, Meme ai kaka ke nan da Faransanci! Haka ɗiyana ke kiran Inna. Ni na sai mata wayar, na sa sunan, Yaya ya haɗa mata. Kwana huɗu ina kira ba ta shiga, na ce ko ciwo ya kwantar da ita kuna ɓoye min. Ashe ke ce kika sa na hawo babur tun daga gida!"

Da hantsi tafsiri Inna ke saurare, bayan la'asar ta ga jikokinta ta waya. Ta yi shiru ne don kada a ce ta cika ƙorafi a gidan ɗanta.

Na ja hijabi na rufe fuska. Inna kuwa ko gezau. Ta miƙo min hannayenta biyu, ta ce, "To ɗiyata, tunda an kama ni, wanne za a yanke, na dama ko na hagu? A dai bar min na jan carbi."

Na durƙusa ina ba da haƙuri, matan unguwa suna share hawayen dariya. Da hannuna na buɗe mata wayfan a gabansu.

Har yau ina leƙa wayfan, don gargaɗin gaskiya ne. Amma na koyi cewa kafin ka nemi ɓarawo a wata ƙasa, fara tambayar mutanen gidanka sunayensu.