Zakaran da Ya Sa Rigar Sadik

Ba zan taɓa mantawa da sanyin bara waccan ba. Ya kashe mini 'yan tsaki huɗu, na yafe masa wannan, amma tona mini asirin da ya yi a gaban surukata har gobe yana raina.

Mu mutanen Jos mun saba da sanyi, amma na waccan shekarar ko ruwan alwala sai ka yi shahada kafin ka taɓa. Kajina bakwai da ke bayan gida suka takure waje guda, suka daina ƙwai. Maƙwabciyata Mama Chidi, wadda ta shekara ashirin tana kiwo, ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Sadik, ka rufe keji da buhu, ka sa gawayi kaɗan. Shi ke nan." Na yi mata godiya, a raina kuwa na ce dabarar mutanen da. Ni mai digiri, na gani a waya Turawa suna sa wa kajinsu rigar sanyi. (Ban tsaya tambayar ko Turawan nan lafiyarsu ƙalau ba.)

To, akwai wata rigar sanyi da surukata Hajiya ta yi wata biyu tana saƙa wa ɗana Sadik a Bauchi, duk da idonta ba ya gani sosai. Koriya ce da ruwan goro, ga sunansa ɓaro-ɓaro a ƙirji. Da an sa masa sai ihu da soshe-soshe, don haka na cusa ta ƙasan akwati. Amma duk sanda Hajiya ta bugo waya sai in ce, "Ai ko cire ta ba ya yarda a yi."

Ita na ɗauko na sa wa almakashi. Hannayen na raba wa kaji biyu, jikin kuma na ƙage shi na zura wa zakara. Har hoto na ɗauka, ina jin ni gwana ce.

Ranar Asabar da hantsi sai ga sallamar Hajiya, babu sanarwa. Na shimfiɗa mata tabarma a rana, ta ɗora jikanta a cinya ta ce, "Ina rigar mijin nawa? A sa masa in gani."

"Na wanke ta, Hajiya, tana kan igiya a baya."

Ban rufe baki ba zakara ya shigo tsakar gida yana taƙama, ya tsaya daidai gabanta, ya turo ƙirji ya yi cara. Hajiya ta gyara tabarau ta karanta sunan a hankali.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe mijin nawa ya girma har ya fara cara."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta kama zakaran, ta daɗe tana shafa bakin da na yanke inda zaren ke warwarewa, sannan ta ce, "Ta jiƙe da raɓa, kashe su za ki yi. Ki nemo buhu da gawayi." Ta bayan katanga na ji Mama Chidi ta yi tari.

Bayan mako uku direba ya kawo mini ƙunshi daga Bauchi. Riguna biyu ne a ciki, babba da 'yar ƙarama, da saƙon baki: "Don kada su yi faɗa."

Tun daga nan na koyi darasi. In za ki yi wa surukarki ƙarya, ki tabbata shaidar ba ta da ƙafafu.