Batiran Keken Malam

Har yau na kasa ba kaina amsa: me ya kai ni hawa keken nan? Rubuta kawai, 'yar nan, kada hawayena su dame ki.

Da ƙafar mijina Malam ta shanye, ɗanmu ya saya masa keken lantarki mai ƙafa uku, yana kai kansa masallacin Juma'a a Makera. Da batiran suka yi sanyi, sai ya koma zaman gida, ko hira ya daina. Na kasa jurewa. Na kinkimo batiran solar ɗakinmu, na kira mai gyara.

Ya ce, "Hajiya, ba irinsu ba ne, sun fi ƙarfinsa."

Na ce, "Shekara talatin ina sayar da doya a Kakuri, mai nauyi ita ce mai kyau. Ɗaura."

Ya ɗaura. Murna ta cika ni, na ce bari in gwada kafin Malam ya farka. Ina murɗa hannun, keke ya zabura ya fice ƙofa. Iska ta cika hijabina, mata suna salati, wallahi har daɗi na ji, kafin na tuna ban san inda birki yake ba. Teburin tumatirin maƙwabciyarmu Maman Ladi ne ya tsayar da ni, keke yana hayaƙi.

Da Malam ya ji labari, ya yi dariya har ya ƙware. Keke ya lalace, Juma'ar nan ni na tura shi a kai har masallaci, ya sa mini suna Direba, unguwa ta ɗauka.

Ranar da zai rasu ya riƙe hannuna, ya ce, "Direba, yau ni zan riga ki. Ki biyo a hankali."