Ni da Ragon Baffa da Tuwon Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake gara in faɗa tun farko cewa wasu abubuwan sun ɗan dushe a kaina. A lokacin kusan kullum da yunwa nake, kuma mai jin yunwa ba shaidar da za a dogara da ita gaba ɗaya ba ce. Abin da na tabbatar shi ne ranar kawo lefen Rabi ce, 'yar Baffana, a gidanmu na gado da ke wani lungu kusa da Ƙofar Mazugal.

Bari in ɗan koma baya. Gwaggo ce ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, Yaya Sani kuma babban ɗanta ne. Ƙodojinsa sun daina aiki, ana kai shi asibiti wankin ƙoda, duk ranar da aka dawo da shi sai an riƙe shi kafin ya iya saukowa daga adaidaita. Likitoci suka ce dashen ƙoda ne mafita. Ƙaninsa ne ya fara zuwa gwaji, Gwaggo ta sa rai har ta yi sadakar waina, sai aka ce jininsu bai dace ba. Jininta ya hau, ta kwanta, muka koma jinyar mutum biyu. Don haka da na je a ɓoye aka gwada ni, aka ce nawa ya dace, Yaya Sani ya kama hannuna ya ce, "Don girman Allah kada tsohuwar nan ta ji, sai likita ta ce an gama magana. Ba za ta iya ɗaukar na biyu ba."

Maganar kuwa ba ta gamu ba, kuma ni ne matsalar. Likitar ta dubi sikeli, ta dubi tumbina, ta ce, "Malam, jininka ya yi, jikinka ne bai yi ba." Ƙiba ta yi mini yawa, sukarin jinina kuma yana bakin iyaka. Idan aka cire mini ƙoda a haka, ni ma an jefa ni cikin haɗari. Ta sa mini ranar dawowa, ta ce idan ban ragu ba sai a nemi wani. Babu kuwa wani.

Ta ce in rabu da tuwo da shinkafa da burodi da fura da shayi mai sukari, in koma nama da kifi da ƙwai da ganye. Na ce, "Gurasa fa, likita?" Ta girgiza kai. Na ce, "Alkubus fa? Funkaso?" Ta ce idan na ƙara ambaton wani abu za ta hana ni har ƙamshinsa. (A taƙaice dai ta hana ni zama Bakano.)

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka gwada da kwanon Gwaggo. Ni a shagon ƙofar gida nake, kamar kowane tuzurun da ya gama jami'a yana jiran aiki, kuma Gwaggo da kanta take ajiye mini kwano a bakin ƙofa. A gidanmu kwano ba ya komawa da abinci. Wanda ya mayar, to ɗayan biyu ne: ko yana fushi da mai girkin, ko kuma yana zargin an barbaɗa masa wani abu. Na daɗe ina juya maganar, sai na lura tagar bayan shagon tana kallon turken ragon da Baffa ke kiwo don ranar lefen Rabi.

Shi ke nan muka ƙulla ciniki da rago. In cinye nama, in sha miya da cokali, in cilla masa malmala ta taga. (Na ma bincika a waya ko tuwo yana yi wa rago illa. Amsoshin sun saɓa wa juna, na ɗauki wadda ta fi kwantar mini da hankali.) Bayan sallar asuba in hau dutsen Dala ina haki, in sauko. Ina ramewa, rago yana cika. Baffa ya riƙa yabon mai sayar masa da dusa a gaban kowa. Gwaggo kuwa da ta ga wuyana ya fito, sai ta ƙara mini malmala, tana cewa, "Ɗan nan, ko zaman rashin aikin ne yake cin ka?" In ce wataƙila.

Ranar lefe da safe aka yanka ragon. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ni ban riƙe ba: ni na danne masa ƙafafun baya. Aka share turken, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi, saboda nan ne wurin da ya fi inuwa a gidan.

Washegari ce ranar komawata wurin likita, don haka hankalina ba ya jikina. Ina ta tunanin sikeli, ga ƙamshin girki ya cika gida, ga jiri yana ɗibata. Bayan la'asar Gwaggo ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar taushe, ta koma wurin baƙi. Na tsince naman (na abokin cinikina ne, ina sane), na ɗauki malmala duk miya a jikinta, hannuna ya yi abin da ya saba.

Ban ji ƙarar da na saba ji ba. Guɗar da ake rangaɗawa ce ta yanke a tsakiya, sai wata murya ta ce, "Innalillahi!"

Na leƙa. Matan dangin ango sun kewaye akwatuna a buɗe, wata Hajiya mai gilashi, gwaggon ango, tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya ana gani. Malmalata tana zaune daram a kan farin leshi, miya tana gangarowa. Gwaggo ta dubi tuwon da ta kwashe da hannunta, ta ɗago kai ta dubi taga. Ni kuma, mai digiri, na duƙe.

Da baƙi suka watse Baffa ya sa aka kira ni zaure. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ba ta kalle ni ba.

Baffa ya ce, "Kai ka jefa?"

"Baffa, idan aka dubi abin ta wani ɓangaren, za a iya cewa..."

"Ba lacca na tambaye ka ba. Kai ne ko ba kai ba ne?"

"Ni ne. Na zaci ragon yana nan."

"Ragon da ka danne da safe?" Na ga lissafi yana shiga kansa. "Tun yaushe kake ba shi?"

"Ya ɗan kwana biyu."

Sai Gwaggo ta juya ga Baffa, wanda yake yayanta ne. "Yaya, bar maganar rago. Tambaye shi me ya gani a hannuna. Hannun da ya ci tun ba shi da haƙora. Wa ya gaya masa ina zuba masa wani abu?"

Na ce wallahi babu wanda ya gaya mini komai. Ta ce to me ya sa. Idan na faɗa, na karya alkawari, kuma idan gobe likita ta ce ban kai ba, ni na kwantar da ita karo na biyu. Idan na yi shiru, na bar ta da cewa ɗan da ta raina yana tsoron girkinta.

Baffa ya sa aka kawo wani kwanon, ya tura mini. "To ci. A gabanta. Ka cinye."

Har yau ban sani ba ko tuwon yini ɗaya zai iya ɓata gwaji. Mai yiwuwa ba zai ɓata ba. Amma a lokacin ji nake ƙodar Yaya Sani ce a cikin kwanon nan. Na wanke hannu, na gutsuri loma, na nufi baki da ita.

"Ajiye."

Yaya Sani ne, ya dafo bango daga ɗakinsa. Ya zauna da ƙyar, ya faɗi komai, daga gwajin jini har alkawarin da ya ɗora mini.

Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa. Babu wanda ya yi motsi, duk muna kallon fuskarta. Can ta ce, "Gobe ne?" Na ce gobe ne. Ta miƙa hannu ta janye kwanon daga gabana. "Sakarai. Kana kallo ina ƙara maka malmala!"

Washegari da ita muka tafi, tana jan carbi. Likita ta ce na yi ƙoƙari amma da saura, ta ƙara mini lokaci. Na juya a tsorace in ga ko Gwaggo za ta faɗi. Ko gezau. Tambayar likitar take yi ko zogale ya halatta, kabeji fa, kan kifi fa. Daga ranar kwanona ya koma kwaɗon zogale da dafaffen ƙwai, kuma ta bi lungu ta gargaɗi mai gurasa da mai shayi cewa duk wanda ya sayar mini da wani abu ita da shi ne. Abin da na kasa ni da rago, ita ta ƙarasa shi. Daga baya an yi dashen, alhamdu lillahi, yanzu Yaya Sani da ƙafarsa yake sauka daga adaidaita, har ya tsaya yana musu da direba.

Darasin da na ɗauka, idan ban yi kuskure ba, shi ne wanda zai rage cin tuwo ya fara sanar da mai tuƙa tuwon. Na biyu kuma, a riƙa leƙa taga kafin a yi jifa.

Wannan shi ne yadda nake tunawa. Rabi ta ce leshin ba fari ba ne, ruwan madara ne, Baffa kuma har gobe yana kan bakansa cewa dusa ce ta gina ragon. Duk wanda ya halarci lefen nan ya ga na kauce, don Allah ya aiko mini da gyara. Ban da gwaggon ango. Ita na san ra'ayinta, tunda har yanzu idan ta hango ni a taro sai ta rufe jakarta.