Rasuwar Kujerar Jirgin Zakiru Na'Allah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai huce ba, Malam Zakiru Na'Allah na Dakoro yake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka yi dariya, rasuwar kujerarsa ta tuƙi. Ajali ya same ta ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, a tsakiyar tabkin nan da ke yanke hanyar wasu ƙauyukan Korahane duk damina. Ta rasu a bakin aiki, da mai ita a kanta.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ita ce kujerar ƙaramin jirgin ruwan nan mai moter da Zakiru ya ɗauko daga Gaya ta bakin kogi bisa kamiyo, babbar motar kaya, shekarar da ya gaji da zaman baƙunta ya dawo gida. Gari ya fito kallo. Aka ce mutum ya kawo jirgi inda ake sayen ruwa a jarka, lallai kansa ya taɓu. Da ruwa ya kwanta a kwari, sai masu kai gero da awaki kasuwa suka ga zaɓi biyu ne: ko su yi dogon zagaye bisa amalanken Rabo su isa kasuwa ta fara watsewa, ko su haye da mahaukaci tun furarsu ba ta yi tsami ba. Suka zaɓi mahaukaci. Da waɗannan ƴan watannin ruwa Zakiru yake ciyar da gidansa har shekara ta zagayo, kuma duk bisa kan marigayiyar yake yi.

An shaide ta da haƙuri. Gajeruwa ce, fara, mai faɗin baya, tana kafe da ƙarfe a ƙasan jirgi. Ta ɗauki Zakiru tun yana da ƙugu har ya daina samun inda zai ɗaure wando. Ta san ciwon bayansa, ta san wani ciwon ma da ba a faɗa a takardar sanarwa, ba ta taɓa kai labari majalisa ba. In ya zauna, abin da take cewa kawai shi ne "fuuss". In ya karya kwana ta ce "ƙiiƙi, ƙiiƙi", ta yi shiru. Da rani, lokacin da jirgi ke kwance cikin gida a ƙarƙashin itacen bedi, kaza ta yi kwanci a kanta ta ƙyanƙyashe lafiya.

Aibinta ɗaya, in aibi ne: ba ta da tsayi. In an loda buhuna aka ɗora awaki, Zakiru ba ya ganin gabansa sai ya miƙa wuya ta gefen wutsiyar akuya. Haka ya yi shekaru yana tuƙi, babu wanda ya jiƙe.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga bakin Hamid, ƙanen matar Zakiru, makiyayin raƙuma wanda babban ruwan da ya taɓa shiga shi ne na alwala. Ya hau jirgin sau ɗaya, kyauta, ya sauka ya ce a gaban mutane: "Haba Yaya, mai jan ragama a ƙasa, kaya a sama? Mu a wajenmu ko jaki ba a yi mai wanga wulaƙanci." Majalisa ta ɗauka. Daga ranar sunan Zakiru ya koma Na-Ƙarƙashin-Akuya. Mutum mai hankali da sai ya toshe kunne. Sanarwar nan ba ta ce mai ita yana da shi ba.

Da rani ya kama, Hamid ya kai shi wurin Mohamed, maƙerin da ke yin sirdin raƙumi, wanda sunansa ya kai har garin Adjekoria. A faɗi gaskiya ko da ana fushi: hannun Mohamed yana da kyau. Ya cire marigayiyar daga mazauninta, ya sassaƙa mata ƙafa ta ice mai tsawo, ya ɗora ta, ya sa mata jar fata da tuntaye har suna lilo. Zakiru ya ce a kira mai sudir, wato mai walda, ya kafe ta da ƙarfe yadda take a da. Mohamed ya dube shi kamar ya zagi kakansa.

"Ƙarhe? Ƙarhe tsatsa shika yi. Ɗanyar hwata za mu ɗaure ta da ita. In ta bushe, sai dai a sare jirgin, amma ba ta motsi."

Bai yi ƙarya ba. Haka ake ɗaure sirdi tun kakanni: a jiƙa fata, a ja ta, rana ta busar, ta kama ice kamar tare aka halicce su. Fatar ta bushe ƙamas a zafin bazara. Hamid ya hau ya girgiza, ko gezau. Zakiru ya hau, ya hango bayan katangar maƙwabta, ya ji wani girma yana shigarsa ta ƙasa. Maza uku masu gemu suka tsaya suna yaba ɗaurin da ruwa ne kaɗai ke kwance shi, a jikin abin da aikinsa kawai shiga ruwa. Su biyun a yi musu uzuri, raƙumi ba ya iyo. Na ukun ya yi shekaru a bakin kogi a Gaya. Shi ba a san me za a ce da shi ba, ko da yake matarsa Balkisu ta samu abin cewa, kuma tana kan cewa.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana yayyafi, jirgi na bakin tabki a buɗe. Fasinja sun cika: mata masu fura, buhunan gero, awaki, da wani dattijo da ragonsa. Zakiru ya hau sama da sabon rawani, yana gaisawa da mutane daga bisa. Tun daga gaɓa marigayiyar ta sake murya. Ba ta ce "fuuss" ba, ta ce "lakwap". Ya ɗauka sabon wuri ne take sabawa da shi. A tsakiyar ruwa ta fara rangaji irin na raƙumin da ya ƙoshi, ya ce a ransa to ai aikin Mohamed ke nan, har tafiyar ya sa mata. Da ya karya kwana don kauce wa kututture, sai jirgi ya bi dama, kujera da mai ita suka bi hagu. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "tsulum".

Jirgin bai tsaya jiran kowa ba. Ya yi ta kewaya tabki da fasinja suna salati, yana wuce Zakiru a kowane zagaye, shi kuwa yana tsaye cikin laka ruwa iya ƙirji, rawani ya warware yana bin iska. Uwale mai fura, duk sanda suka zo daidai da shi, sai ta ɗaga murya: "Malam Zakiru, yanzu kana ganin gabanka?" Daga ƙarshe jirgi ya kafe hanci a gaɓar da aka baro. Babu wanda ya rasa rai, an gode Allah. Fura ta tafi, gero ya jiƙe, ragon dattijo har yau ba ya yarda da kwano mai ruwa. Rabo yana gaɓa da amalankensa, sai gyara wa shanunsa igiya da ya yi. Duka suka hau amalanken. Tun ranar ko kaza ba a ba Zakiru ya haye da ita ba, ga damina tana gudu.

Marigayiyar ta bar jirgi guda lafiya lau, da moter da ba ta da laifin komai, da ramukan ƙarfenta na asali da ke nan buɗe suna kallon mai su. Ta bar tuntayen jar fata, waɗanda suka taso sama su kaɗai, Mohamed ya aiko a mayar masa tunda ba su lalace ba. Ta bar Hamid, wanda ya tuna kwatsam raƙumansa na bukatarsa a arewa. Ta kuma bar gadon bayan wani mutum mai shekaru da ba ya iya tuƙi a tsaye.

Game da jana'iza: gawa na nan ƙasan tabki, ba za a same ta ba sai ruwa ya janye bayan kaka. An tambayi Liman, ya ce ba a yi wa kujera salla, kuma a daina zuwa masa da irin wannan. Saboda haka in ta fito za a wanke ta a kai ta ƙarƙashin bedi, ba tare da wani maƙeri ya taɓa ta ba.

Zaman makoki kuwa ba a gida za a yi ba, don Balkisu ta ce ba ta shimfiɗa wa wauta tabarma. Za a karɓi gaisuwa ranar kasuwa mai zuwa, tun da safe, a cikin jirgi. Mai makoki zai kasance zaune bisa guntun benci da mai sudir ya kafe da ƙarfe, ƙasa sosai, bayan awaki. Duk mai son yin ta'aziyya ya zo da kayansa ya shigo, a yi ta a kan ruwa har gaɓar can. Gaisuwar da aka ɗago hannu aka yi daga bisa amalanken Rabo, a riƙe ta, ba a karɓa.