Rasuwar Littafin Yaya a Ƙarƙashin Dutsen Guga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai wanki da guga na bakin layi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar littafin labari mai zane-zane na yayarsa, wanda ya cika jiya da hantsi a kan teburin guga, yana da shekara goma sha ɗaya da shafi arba'in da takwas.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ɗaga murya ba sai dai "Fau!" da "Rugum!" da manyan haruffa, duk sanda jarumin cikinsa mai shuɗin mayafi ya tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya. Jarumin nan ya ceci gari guda, amma yarinyar da ya fara so a hannunsa ta mutu, a shafi na arba'in. A gefen wannan shafin ne mijin Yaya, Allah ya jiƙansa, tun yana saurayi mai nauyin baki, ya rubuta mata da biro: "Ni ba na tashi sama, amma zan raka ki gida kullum." Da wannan layin ya shawo kanta.

Jinyar gajeriya ce. Mai guga ya zare shi daga durowar Yaya ba da saninta ba, wai kwana ɗaya zai karanta, ya cusa shi a aljihun rigar aiki, rigar kuwa ta bi sauran wanki cikin baho. Mutumin da kullum yake yi wa kwastomomi faɗan su duba aljihu, shi ne bai duba nasa ba. Da ya tsamo shi sharkaf, sai ya yi abin da kawai ya iya a duniya, ya ɗora masa dutsen guga. Maganar marigayin ta ƙarshe ita ce "Tsuuu."

Ya rasu ya bar bangon baya, da rabin rubutun biron da ya manne a fuskar dutsen guga. Ya kuma bar Yaya, wadda har yanzu ba ta sani ba. Gobe mijinta yake cika shekara biyu da rasuwa, kuma kamar bara, za ta dawo daga aikinta na jinya, ta rufe ƙofa, ta jawo durowar. Mai guga ba duka yake tsoro ba, da za ta mare shi ma da ya gode. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne kada ta dube shi ta ce, "Ba komai, Auta," ta mayar da durowar a hankali.

Za a ɗauki gawar yau da la'asar cikin kwalin takalmi, daga shago zuwa ɗakin Yaya. Dutsen guga zai bi ta a baya, ba a jona shi ba, ba a goge shi ba, domin "zan raka ki" na nan a jikinsa. Kwastomomi su yi haƙuri da kayansu. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya daga waje, mai guga shi kaɗai zai shiga. Mutum ɗaya dai ya taimaka ya riƙe masa kwalin zuwa bakin ƙofa, don shi dutsen guga zai ɗauka.