Yadda Za Ka Kori Tafki Ka Zaunar da Mutane a Gurbinsa

Ranar da labarin ya iso ni, ina tsakar gida da bokiti, ruwa har gwiwa, ina kwasa yana dawowa. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Yaya, ajiye bokitin nan. Katangar bakin kwalbati ta faɗa wa maigidanki." Tun daga ranar na zama gwanar tsara gari, duk da ban yi nisa a boko ba. Kai mai zana unguwanni a ofis, bi matakan nan. Na yi maka alkawari tafki zai ɓace, kuma ba wanda zai ambaci sunanka.

1. Ka zo da rani

Kada ka kuskura ka duba fili da damina, takalminka zai ɓaci. Jira sai tafkin ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage. Ka tsaya daga bakin titi ka riƙe ƙugu ka ce, "Wannan fili haka kawai yake zaune?" In kwaɗi sun yi ƙorafi, ka tambaye su takardar mallaka.

2. Ka tuna mutane na buƙatar gida

Wannan gaskiya ce. Mu ma a da ɗaki ɗaya muke haya da yara, in ɗaya ya juya sai kowa ya juya. Riƙe gaskiyar nan da kyau, da ita za ka toshe kowane baki. Duk wanda ya ce, "To ruwan sama fa, ina zai sauka?" ka ce maƙiyin ci gaba ne.

3. Nemo direban tifa mai fara'a

Maigidana aka samu. Shi ya yi ta juye ƙasa da ɓaraguzai a tafkin yana waƙa, aka saka masa da fuloti a tsakiya, daidai inda ya fi zurfi. Ya dawo yana taku ɗai-ɗai ya ce, "Maman yara, kin gama gaishe da mai gidan haya."

Na ce, "Can inda agwagi ke wanka?"

Ya ce, "Agwagi sun tashi, ke za ki tare."

Na yi dariya, na taya shi zaɓen fenti.

4. Ba itatuwa haƙƙinsu, a takarda

Shafa kore a kusurwar taswira, ka ce wurin shan iska ne. Manyan itatuwan bakin tafki kuwa a sare, suna tare hanya. Dasa 'yan tsirrai a ɗauki hoto, awaki za su ƙarasa aikin. Bayan an kwana biyu koren nan ya zama shaguna, ai su ma suna da inuwa.

5. Kwalbati kada ya wuce bakin buta

Ruwa yana da kunya, zai bi layi. In kwalbatin ya toshe, mazan unguwa za su fito da shebur. Nawa kullum shi ne a gaba, wai shi ya san inda ya zuba kowace ƙasa. Ranar da katangar ta faɗi ma sai da ya ɗora takalmansa na fita a kan bulo don kada su jiƙe, ya ce, "Ɗora shayi, yanzu zan dawo."

6. Je ta'aziyya

Sa kaya masu tsabta, ka tattare bakin wando. Ka sunkuyar da kai ka ce, "Ikon Allah, ruwan bana ya yi yawa." Haka ne, Allah ne ya saukar da shi. Wanda ya yanka masaukinsa ya raba wa mutane kuwa, ba za a tambaya ba, mai takaba ba ta ɗaga murya.

In ka bi matakan nan ruwa ya biyo ka har ofis, ni babu hannuna, shawara kawai na bayar. Kada kuma ka turo min kwaɗi, tuni suka dawo tsakar gidana da iyalansu. Ina nan a fulotin, ba ni da inda zan kai yaran. Kowace safiya in na zo shara, nakan ɗaga takalman nan in share ƙarƙashinsu, in mayar da su kan bulon. Ko da rani ne.